Ƙwaƙwalwa ba ta karɓar ɗura

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a shafin wasiƙu, domin jarrabawar WAEC da NECO ta gabato, kuma kamar kowace shekara masu tallan "maganin buɗe ƙwaƙwalwa" sun cika tashoshin mota da bakin kasuwa, ɗalibai kuma sun shiga kwanan zaune, a sha shayi mai kauri, a tauna goro, a nemi haɗiye karatun shekara uku cikin mako guda. Ni malamin bayoloji ne a makarantar sakandare, amma abin da na karanta a jami'a kimiyyar sinadaran jiki ne. Mai talla da mai kwanan zaune tunaninsu ɗaya: wai yawa shi ne magani, a ƙara wa ƙwaƙwalwa wuta, a ƙara mata karatu, sai ta riƙe. Binciken da aka yi tun daga shekarun 1990 ya nuna akasin haka. Abin da ke mayar da karatun yau ya zama abin da za a tuna baɗi ya fi kula da lokaci: yaushe aka kunna shi, ya daɗe nawa a kunne, yaushe aka bar shi ya huta. Ɗaya daga cikin manyan ma'aikatan wannan aiki wani furotin ne, wato ɗaya daga cikin sinadaran da ke gudanar da ayyuka a cikin ƙwayoyin jiki, da ake kira ERK, kuma labarinsa nake son masu karatu su ji.

Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86. Kowacce tana miƙa rassa, tana saduwa da dubban 'yan'uwanta a wasu ƙananan mahaɗai. A mahaɗa ba sa taɓa juna. Akwai ɗan siririn gibi a tsakani, ta wannan gefe ta feso sinadari, ta wancan gefe ta karɓa. Sinadarin da aka fi amfani da shi wajen zaburar da maƙwabciya shi ne gulutamet. Koyon abu, a taƙaice, shi ne wasu mahaɗai su ƙara ƙarfi su kuma zauna da ƙarfinsu. A 1973 Tim Bliss da Terje Lømo suka wallafa aikin da suka yi a birnin Oslo a kan zomaye: suka ba wata hanyar jijiya a hifokamfas, sashen ƙwaƙwalwa mai hannu wajen ajiye abin da aka koya, ɗan gajeren bugun lantarki mai sauri, sai mahaɗan suka ƙara ƙarfi har na sa'o'i. Tambayar da ta rage ita ce, me ke faruwa a cikin ƙwayar har bugu na 'yan daƙiƙoƙi ya bar sauyi mai daɗewa haka.

A jikin ƙwayar da ke karɓar saƙo akwai wata ƙofa mai suna NMDA. Ko gulutamet ya zo ya zauna a kanta, ba ta wucewa da komai, domin akwai magniziyam da ya toshe bakinta. Sai in ƙwayar ta riga ta zaburu da lantarki daga wasu saƙonnin ne toshiyar ke fita. Ke nan sharaɗi biyu ne, kuma dole su haɗu a lokaci guda. In sun haɗu, kalsiyam ya kwarara ciki. Kalsiyam ɗin nan yana tada wani furotin, RasGRF, wanda ke kunna wani furotin ɗin mai suna Ras. Yana kuma tada wani, CaMKII, wanda ke kawar da SynGAP daga mahaɗar, shi kuwa SynGAP aikinsa kullum kashe Ras ne. A taka totur, a saki birki.

Daga Ras saƙo yake gangarowa hawa-hawa, kamar yadda umarnin sarki ke zuwa ga hakimi, hakimi ya kira dagatai, kowane dagaci ya tara masu unguwanninsa, kafin magariba gari duka ya ji. Ras ya tada Raf, Raf ya tada MEK, MEK ya tada ERK. Yadda Raf da MEK ke tada na ƙasa da su shi ne su liƙa masa ɗan guntun sinadari mai suna fosfet. ERK kansa sai an liƙa masa guda biyu, a wurare biyu da ke kusa da juna, sannan ya tashi sosai, kuma in ya tashi ƙarfin aikinsa kan ninka sau dubu ko fiye. Iri biyu ne a jikinmu, ERK1 da ERK2. Ba kalsiyam kaɗai ke iya tada wannan sarƙa ba. Akwai BDNF, wani furotin da ƙwayoyin jijiya ke fitarwa idan suna aiki, wanda ke bi ta ƙofarsa mai suna TrkB ya isa ga Ras. Akwai kuma dofamin, sinadarin da ke fita idan abu ya yi daɗi ko ya zo ba zato, wanda zan dawo kansa.

ERK da ya tashi yana aiki a wuri biyu. A nan bakin mahaɗa yana taimakawa a ƙaro ƙofofin gulutamet masu suna AMPA, don saƙo na gaba ya fi shiga da ƙarfi, yana kuma rage aikin wata ƙofar fotasiyam da ke sanyaya reshe. Wani kaso nasa kuma yana tafiya har cibiyar ƙwaya, inda DNA yake, ya tada su RSK da MSK1, su kuma su tada CREB, a buɗe wasu ƙwayoyin gado irin su c-Fos da Zif268 da Arc, a ƙera sababbin furotin da za a gina mahaɗar da su. Wannan tafiya zuwa cibiya ita ce bambancin abin da ka riƙe na awa guda da abin da zai bi ka har tsufa. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, cikin furotin ɗin da ERK ke sa a ƙera har da MKP-1, wanda aikinsa cire wa ERK fosfet ne. Shi da kansa yake aika a kira wanda zai kashe shi.

Ba masu binciken ƙwaƙwalwa ne suka fara gano shi ba. A 1987 Bryan Ray da Thomas Sturgill, a Jami'ar Virginia da ke Amurka, suka ga alamarsa a cikin ƙwayoyin kitse da aka zuba wa insulin. A 1990 ɗakin binciken Melanie Cobb a Dallas ya zaƙulo ƙwayar gadonsa, daga nan sunan ERK ya fito. Masu binciken ciwon daji ne suka fi rungumar sa, domin wannan sarƙa ce ke ce wa ƙwaya ta rabu biyu, kuma Ras da ya maƙale a kunne yana cikin kusan tara bisa goma na dajin gaɓar nan ta ciki mai fitar da insulin, wato fankiriyas, Raf mai lahani kuma yana cikin kusan rabin dajin fata mai suna melanoma. Sai ga shi an tarar da ERK jingim a cikin ƙwayoyin jijiyar babban mutum, waɗanda sun daina rabuwa tun tuni. To me yake yi a can?

Wani ɓangare na amsar ya fito daga wasu ƙwayoyin ɓera da ake renonsu a kwalba, PC12, waɗanda Lloyd Greene da Arthur Tischler suka samar a 1976. In aka zuba musu sinadarin EGF, ERK ya tashi na 'yan mintoci ya kwanta, sai ƙwayoyin su ci gaba da rabuwa. In aka zuba musu NGF, sinadarin da ke sa jijiya girma, wanda Rita Levi-Montalcini da Stanley Cohen suka sami kyautar Nobel a 1986 a kan aikin da ya haɗa da shi, ERK ɗin nan dai ya tashi ya yi sa'o'i a kunne, sai ƙwayoyin su daina rabuwa su fara fitar da rassa irin na jijiya. Furotin ɗaya, ƙwaya ɗaya, amma sakamako ya sha bamban, kuma abin da ya raba su tsawon lokaci ne. Chris Marshall na Landan ya tattara wannan hujja a 1995. Duk lokacin da na zo koyar da rabuwar ƙwayar halitta nakan saka wannan misali, ko da yake ba ya cikin manhaja.

Daga nan abubuwa suka zo da sauri. A 1996 da 1997 Joey English da David Sweatt a Houston suka nuna cewa irin bugun lantarkin Bliss da Lømo yana tada ERK a hifokamfas na ɓera, kuma in aka toshe MEK da magani, ƙarfin mahaɗar ba ya zama. A 1997 Kelsey Martin, a ɗakin binciken Eric Kandel a New York, ta ga ERK yana shiga cibiyar ƙwaya a jikin Aplysia, wani dodon koɗin teku mai manyan ƙwayoyin jijiya kusan dubu 20 kacal. Feshin sinadarin serotonin sau ɗaya bai kai shi cibiya ba, amma sau biyar da tazara a tsakani ya kai shi. Kandel ya sami Nobel a 2000. A shekarar ne kuma Glenn Schafe da Joseph LeDoux da abokan aikinsu suka yi gwajin da ya kamata kowane ɗalibi ya ji. Suka koya wa ɓeraye tsoron wata ƙara, a busa ƙarar sannan a ɗan ja su da lantarki a ƙafa. Wasu daga ciki an zuba musu maganin toshe MEK a amigdala, sashen da ke riƙe tsoro. Bayan awa guda aka busa ƙarar, dukansu suka sandare don tsoro, har da waɗanda aka ba maganin. Da aka sake busawa bayan awa 24, masu maganin tsoronsu ya ragu ƙwarai. Sun koya sarai, amma ba a ajiye ba.

Ɗalibin da ya kwana zaune ya shiga aji da safe yana jin ya iya, ba ƙarya yake yi ba. Ya iya, irin iyawar ɓeran nan a awa ta farko. Ka tambaye shi bayan sati biyu ka ji.

Batun tazara kuwa an auna shi da agogo. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus a Jamus ya nuna cewa maimaici a rarrabe ya fi maimaici a dunƙule zama a kai, amma bai da hanyar leƙa cikin ƙwaya. A 2007 ɗakin binciken Thomas Carew a Kalifoniya ya ba Aplysia horo sau biyu kacal. In tazarar minti 15 ce, babu tunawa mai daɗewa. In minti 60 ce, babu. In minti 45 ce, akwai. Da suka duba, sai suka ga ERK yana tashi ne a daidai wajen minti 45 bayan horon farko, ya sake kwanta. Horo na biyu sai ya faɗo cikin wannan taga yake yin amfani. A 2009 kuma ɗakin binciken Yi Zhong a Cold Spring Harbor ya yi aiki da ƙananan ƙudajen nan da ke bin ruɓaɓɓen ayaba. Ƙuda mai lafiya yana buƙatar hutun minti 15 tsakanin horo da horo, domin ERK ya tashi ya kuma kwanta kafin zagaye na gaba. Da aka saka wa ƙudan irin lahanin gadon da ke jawo wa yara cutar Noonan, wanda ke sa sarƙar ta daɗe a kunne, minti 15 bai ishe shi ba, ya kasa riƙewa. Da aka tsawaita hutun zuwa minti 40, sai ya riƙe. Ƙudan da wutarsa ta fi yawa shi ne ya fi wahalar koyo, kuma hutu ne ya gyara shi.

Mintocin nan na ƙuda ne da na dodon koɗi, kada wani ya ɗauki agogo ya ce an yanke wa ɗan Adam minti 45. Amma ƙa'idar ta tazara an gwada ta a kan mutane sau da yawa kuma ta tsaya. Alarammominmu ma ba su jira kowa ba. Almajiri yakan rubuta ɗan abin da zai iya ɗauka a allo, ya karanta da asuba, ya tashi, ya dawo da yamma, ya sake da dare, ba a wanke allo sai ya zauna, bayan an wanke kuma ga tilawa tana jiran sa, ga hutun Alhamis da Juma'a. Mu masu karatun boko da muke da ɗakin gwaji mu ne muka koma haɗa darasi biyu a jere ba numfashi, mu gama manhaja a guje, mu ce yara su je su yi bita su kaɗai. Ga kuma barci: an gwada hana ɓeraye barci bayan horo, aka ga ERK mai fosfet ya ragu a hifokamfas, tunawar wuri kuma ta raunana. Daren da ɗalibi ya sayar don ƙarin shafi goma, a cikinsa ne ya kamata a gina abin da ya karanta da rana.

Yanzu ga masu cewa maganinsu yana "ƙara wa ƙwaƙwalwa wuta". Akwai mutanen da Allah ya halitta da wannan sarƙa a kunne fiye da kima, kuma mun san halin da suke ciki. Mai karatu zai yiwu ya taɓa ganin mutum da ƙulle-ƙullen tsoka masu laushi a duk jikinsa, da tabo-tabo masu launin shayi da madara a fata. Sau da yawa cutar NF1 ce, wadda likitan Jamus von Recklinghausen ya bayyana a 1882, aka gano ƙwayar gadonta a 1990. Tana samun kusan mutum ɗaya cikin 3,000 a kowace al'umma. Ba sammu ba ne, ba a kuma ɗaukar ta ta hanyar taɓawa ko cin abinci tare. Furotin ɗin da ya lalace a jikinsu, niyurofaibromin, mai kashe Ras ne. Rashinsa na barin Ras da ERK a kunne, kuma kusan rabin yaran da ke da ita suna fama da wahalar karatu ko tattara hankali. A ɓeraye an gano cewa yawan ERK ɗin yana sa ƙwayoyin da aikinsu hana saƙo wucewa su yi ta fitar da sinadarin GABA fiye da kima, sai su danne koyo. Haka yaran da aka haifa da lahani a SynGAP, birkin nan da na ambata, sukan zo da jinkirin fahimta da farfaɗiya. Na taɓa koyar da yarinya mai irin waɗannan tabo, wadda aka yi ta kira daƙiƙiya a gida da makaranta, alhali in aka rage mata yawan abin da za ta ɗauka a zama ɗaya aka bar ta ta dawo masa gobe, tana tafiya daidai gwargwado.

Labarin neman magani ga waɗannan yara darasi ne. A 2005 ɗakin binciken Alcino Silva a Los Angeles ya ba ɓeraye masu NF1 lovastatin, maganin rage kitse a jini wanda kuma yake rage ƙarfin Ras, sai koyonsu ya gyaru. Murna ta cika ko'ina. Likitoci a Rotterdam ta ƙasar Holan suka gwada ɗan'uwansa simvastatin a kan yara, suka wallafa sakamako a 2008 da 2013: bai gyara karatun yaran ba. Wani gwajin da lovastatin ɗin kansa a 2016 ma bai nuna amfani ba. Mutanen da suka san sunan kowane furotin a sarƙar, suka san inda lahanin yake, suka ga magani ya yi aiki a ɓera, sun kasa a jikin yaro, kuma suka fito suka faɗa. Cikin abin da aka samu dai akwai selumetinib, mai toshe MEK, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Afrilun 2020, shi ma don rage girman ƙarin da ba ya fiɗuwa ne a jikin yara masu NF1, ba don karatu ba. A lura kuma, duk magungunan da suka kai asibiti a wannan fanni masu rage wutar ne. Saboda haka in mutum ya tsaya da lasifika a tasha yana cewa kwalbarsa ta naira dubu biyu za ta buɗe kan ɗanka kafin Litinin, ka riƙe kuɗinka ka saya wa yaron ƙwai.

Na ce zan dawo kan dofamin, domin akwai ɗaliban da ba su tsaya a shayi ba, sun kai ga tiramadol, wai don kada su gaji. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta cewa 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabata, miliyan 4.6 daga ciki da irin su tiramadol. A watan Mayun 2018 ne gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Kodin in ya shiga hanta wani kasonsa mofin yake komawa. A birnin Paris, Emmanuel Valjent da Jocelyne Caboche da Jean-Antoine Girault sun nuna a ɓeraye, daga 2000 zuwa 2005, cewa hodar ibilis da mofin da nikotin da sinadarin tabar wiwi duk suna tada ERK a sashen ƙwaƙwalwa mai kula da lada da sha'awa. Kuma yana tashi ne sosai idan abu biyu suka haɗu: dofamin da ƙwayar ta saki, da gulutamet mai ɗauke da bayanin inda ake, da wa ake tare, da abin da ido ke gani. Ɓeran da aka ba hodar a wani ɗaki yakan riƙa komawa ɗakin. In an toshe MEK kafin a ba shi, ba ya koyon son ɗakin. Wato sarƙar da ke ajiye darasi ita ce ke ajiye shaye-shaye, har da lungun da aka sha da fuskokin abokan sha.

A 2005 ɗakin binciken Yavin Shaham a Baltimore ya ƙara wani abu da iyaye ya kamata su sani. Ɓerayen da suka saba danna maɓalli su sami hodar, aka raba su da ita. Bayan kwana ɗaya aka nuna musu fitila da ƙarar da suka saba gani da ji lokacin sha, neman da suka yi kaɗan ne, ERK a tsakiyar amigdala bai motsa ba. Waɗanda aka nuna wa bayan kwana 30 kuwa suka yi ta danna maɓallin ba ƙaƙƙautawa, ERK ɗinsu ya tashi, kuma da aka toshe shi a wurin sai neman ya ragu. Ƙwayar ta daɗe da fita daga jini, amma ƙishirwarta ƙaruwa ta yi da kwanaki.

A wajenmu in aka kai yaro asibiti, ko aka kai shi gidan mari aka sa masa sarƙa, wanda ni ban yarda da shi ba ko kaɗan, ya yi wata guda bai sha ba, sai a ce ya warke, a yi sadaka, a dawo da shi ɗakinsa na da, majalisarsa ta da, kan hanyar kemis ɗin da ya saba. In ya koma sai a ce ba shi da zuciya. Wanda ke da yaro a wannan hali ya nemi likitan ƙwaƙwalwa ya ci gaba da ganin sa bayan sallama, ya sauya masa wurin kwana in da hali, ko a tura shi wurin kawu ko gwaggo a wani gari na 'yan watanni, a ba shi sana'ar da za ta cika masa yini, a kuma sa ido sosai a wata na biyu da na uku, lokacin da kowa a gida ya riga ya saki jiki.

Na gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Malamin bayoloji, daga Funtuwa